Mazarin da Gwaggo Ta Bari

Mutanen Maijirgi ba su yi wa Gwaggona adalci ba. Na faɗa, kuma ba na neman afuwar kowa.

Ranar da aka kai ta makwancinta, ƙasar kabarin ba ta ko bushe ba maza suka dawo gindin tsamiyar ƙofar gidanmu suka zauna. Aka shafa fatiha ɗaya, sai hira ta koma kan ayarin Abzinawa da bai iso da gishiri ba, da mahayan da aka ce an hango gabas da gari, da wasu jajayen mutane da fatake ke cewa sun ɓullo can bakin babban kogi. Ina cikin gida, danga ce kawai tsakaninmu, ina jin su sarai. Ba wanda ya buɗe baki ya ce, "Wagga tsohuwa ta taɓa fid da ni kunya." Alhali in aka bi su ɗaya-ɗaya, da wuya a samu wanda ba ta fitar ba.

Na matan ya fi ciwo. Wata maƙwabciyarmu ta shigo, ta durƙusa, ta ce, "Allah ya jiƙanta, Allah ya yafe mata yawan shiga gidajen mutane." Wata daga gefe ta ce, "Ai yau ƙafa ta huta." Suka sa bakin zane suka rufe dariya. Na ɗaga kai na dubi maƙwabciyar na ce, "Ke, da ba ta shiga gidan uwarki ba, da yau a ɗakin wa kike zaune?" Matar liman ta mintsine ni a cinya. Na ce mata ta bar ni, gidan makoki ne, amma gidanmu ne.

Mutum ɗaya ce ta yi kukan da ya dace. Wata tsohuwar Bafillatana ce daga rugar da ke arewa da rijiya. Ta zo da ƙwaryar nono, ta ajiye a ƙofar ɗakin Gwaggo, ta zauna a ƙasa, ba ta ko nemi tabarma ba. Ta daɗe tana kallon ɗakin, sannan ta ce, "Yanzu wa zai riƙa zuwa mana kafin a zo mana?" Ni na san abin da take nufi, su ma sun sani.

Don haka na roƙi matar liman takarda. Ban iya rubutu ba sai da na wuce arba'in, hannuna yana da nauyi, alƙalami yana yi mini gardama. Amma gara baƙaƙena karkatattu da a ce nan da damina biyu ba wanda zai tuna ko mi Gwaggo take yi a gidajen mutane.

Kuma ina da tawa a ciki, ba zan ɓoye ba. Shekara tara muka yi, ni da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ba mu ce wa juna uffan ba. Laifina ne. Gwaggo ta je wurinsa domina, ta dawo da amsarsa a cikinta, ta mutu ba ta faɗa mini ba.

Gwaggo yayar babanmu ce. Ta yi aure biyu, ta haihu huɗu, ba wanda ya kai yaye. Ta dawo gida, uwarmu ta rasu, ta ɗauke mu ni da Yaya ta riƙe. 'Yar ƙarama ce, baƙa, ga wushirya, tana tafiya kamar ba ta son ƙasa ta ji nauyinta. Ni kuwa Allah ya yi ni da murya irin ta masu kiran shanu. Tun ina yarinya take ce mini, "Ɗiyata, bakinki yana riga ki isa wuri."

Aikinta ba shi da sarauta, ba a yi mata kiɗa a kansa. Idan mutum yana son abu wurin wani, yana kuma tsoron a ce masa a'a gaban jama'a, ba ya tashi ya je. Gwaggo yake samu. Mai son bikon matarsa, mai son aron gona, har maigari in yana son Fulani su kwantar da shanu a gonaki bayan girbi a bar musu rijiya. Ita ce za ta riga kowa zuwa, ta bugi cikin mutanen, ta jiyo inda zuciyarsu ta karkata. In akwai hanya, sai a je da rana tsaka da dattawa da goro. In babu, maganar ta mutu a cikinta, ba wanda ya ji kunya, gobe a haɗu a rijiya a gaisa.

Ba ta taɓa shiga gida ta ce an aiko ta ba. Taskirarta take ɗauka, da auduga da alli da mazari, ta yi sallama ta ce, "Ku ba ni inuwa, tamu ta gudu." Ta zauna ta hau kaɗi. A yi zancen miya, a yi zancen ciwon gwiwa. Can sai ta ce, "Wai kun ji, a wani gari can wajen Mayahi an yi wani mutum..." Ta kawo maganar kamar ta wasu ce. Kuma ba ta kallon fuska. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce, "Hannu nake kallo. Baki an koya masa ladabi tun yana ƙarami. Hannu ba wanda ya koya masa." In mai daka ta sassauta taɓarya, in mai tufka igiya ya tsaya cak ko ya ƙara sauri, ita ta ji abin da ta zo ji.

Da za ta tashi, sai ta manta mazarinta. Ta soke shi a jinka ko a danga ta yi tafiyarta. Duk garin an san wannan mantuwa. In kafin kwana uku aka aiko mata da shi, an ce a'a ke nan, ba tare da an furta ba. In aka riƙe, ƙofa a buɗe take, a zo. Wa ya koya mata haka, ban sani ba. Ta ce ita ma a hannun kakarta ta gani.

Uwar maƙwabciyar nan da ta yi mata addu'ar baƙar magana, ita ce ta taɓa jefo mazarin ta kan danga tun Gwaggo ba ta fita lungu ba, lokacin da surukinta ke neman bikon ɗiyar. Ya same ta a gadon baya. Ta sunkuya ta ɗauka, ta hure ƙasar, ta ce, "To, an amsa da wuri, Allah ya yi albarka." Da wata ya zagayo ta koma neman inuwa.

A komawar ne na bi ta, na ga ɗaya dabarar tata. Matar ta tare ta da zafi: "Ki gaya wa wancan jakin, ɗan gidan matsiyata, ko da raƙumi ya zo ba zai ga ƙeyar ɗiyata ba!"

Gwaggo ta kara hannu a kunne. "Tsaya, ƙawata, kunnena ya tsufa. Faɗa mini sannu, ɗaya-ɗaya, kada in zubar a hanya. In gaya wa wa?"

"Wancan... mutumin."

"Wancan mutumin. To. Ɗan gidan wa kika ce?"

"Ke ma ai kin san gidansu."

"Na sani. Ko ya zo da mi?"

Matar ta yi tsaki, ta juya tuwonta, ta sake juyawa. Can ta ce, "Ki ce masa ya gyara rufin ɗakin da ke yoyo. Ya kuma daina taɓa hatsin da ta noma da hannunta."

"Rufin ɗaki. Hatsinta. Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Gwaggo ta maimaita sau uku, dalla-dalla, kowace kalma da gurbinta, har matar ta gyaɗa kai. Abin da ta kai ke nan, ba ƙari ba ragi. A hanya na ce, "Gwaggo, ke da kike jin kaza tana satar tsaba a bayan rumbu, yaushe kunnenki ya tsufa?" Ta ce, "Zagi da gudu yake fita. In kika sa mutum ya faɗe shi a hankali, shi da kansa zai ji warinsa. Abin da ya rage bayan nan, shi ne maganarsa."

Wannan ce matar da aka ce Allah ya yafe mata yawo.

Yanzu tawa.

Shekarar da fari ya ƙone hatsi tun yana bununi, ina gida, mijina ya rasu, ina da ɗiya ɗaya 'yar shekara huɗu. Babanmu ba ya raye, Yaya ne ke riƙe da gandu. A al'adarmu, in an gama girbi aka zuba hatsin gandu a babban rumbu, maigida yana liƙe bakinsa da laka, ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka, don a samu abin ci lokacin noma. Rani kowa ya ci abin da ya noma a 'yar gonarsa. Tawa ta ƙare tun sanyi bai fita ba. Muka koma kan ganye da ƙwallon goriba da dusa. Yarinyar ta fara kumburin ƙafa. Na je wurin Yaya sau uku na ce ya buɗe rumbu. Sau uku yana sunkuyar da kai yana cewa, "Ba a buɗewa." Ya kawo mini fara, ya kawo mini nonon akuyarsa har ta ƙafe, amma rumbu bai taɓa ba.

Yarinyar ta rasu da hantsi, a bayana, ina tsinkar tafasa. Ban ma san lokacin ba. Sai da na ji goyon ya yi nauyi irin wanda ba na barci ba.

Da aka dawo daga binne ta, maza suna zaune gindin tsamiyar nan, na fita ba mayafi, na tsaya gaban Yaya, na nuna shi da yatsa na ce, "Kai ka kashe ta. Hatsi ya fi maka jinin gidanku." Da ƙarfi na faɗa, har masu jan ruwa a rijiya suka ji. Bai ɗago ba.

Bayan kwana ashirin ruwa ya sauka. Ya ɗauki gatari ya fasa lakar rumbu gaban kowa. Na leƙa da idona. Dami shida ne a ƙasa, na iri, sai ƙaiƙayi da ya tara a kai don in an ƙwanƙwasa a ji kamar da kaya. Tun ranar girbi ya san ba komai. Ya liƙe shi don kada ƙannenmu da matansu su ji gaskiya su watse, su faɗa hannun masu kama mutane a hanya. Da ya buɗe mini, da mun cinye irin cikin kwana huɗu, gidan duka ya bi ɗiyata.

Ya yi shuka, ya yi noma, ya yi girbi, bai ce mini komai ba. Da kaka ta wuce ya ɗaura kayansa a jaki, ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa, ya bar wa ƙanenmu gandu. Ya je ya sari daji can yamma da Tasawa, kan hanyar Mayahi, tafiyar kwana biyu ga mai jaki. Ina tsaye ina kallo ya fita. Kalma huɗu ce a bakina, "Yaya, ka yafe mini," ta ƙi fitowa. Ni da ban taɓa rasa ta cewa ba.

Faɗana da Gwaggo daga nan ya taso. Na gano ta sani. Tun zuwana na biyu wurin Yaya ta bi shi gona da taskirarta, ta bugi cikinsa, ya gaya mata. Na same ta tana gurzar auduga, na tsaya a kanta na ce, "Kin san rumbun ba komai, kika bar ni na tsine wa ɗan'uwana gaban gari?"

Ta ce, "Ba a ba ni in kawo miki ba."

"Ni ɗiyarki ce!"

"Shi ma ɗana ne. Ya ce in riƙe, na riƙe. Ranar da na fara sauke kayan wani a ƙofar da ba a ce in sauke ba, ranar ba gidan da zai sake ba ni inuwa." Ta ture dutsen gurza gefe. "Da na san za ki fita, da na kwanta a bakin ƙofa kin taka ni. Ban ga fitarki ba, ina wankin zanen yarinyar. Wannan kam nawa ne, zan kai shi kabari."

Na yi wata biyu ban gaishe ta ba. Kullum da safe sai in tarar da 'yar ƙwaryar kunu a ƙofar ɗakina, an rufe da faifai. Ina sha, ina mayar da ƙwaryar, ba na cewa komai. Ita ma ba ta ce ba. Har yau ban ce ta yi daidai ba. Amma na san abin da riƙon ya ci mata, don daga shekarar nan ba ta sake cin tuwo ta ƙoshi ba, ko a shekarun da hatsi ya yi.

Karatu na shiga saboda yarinyar. Ina son in yi mata addu'a da bakina, ba sai na jira wani ba. Matar liman tana tara mu, mu zawarawa da tsofaffi, bayan la'asar. Na yi babbaƙu, na yi farfaru, ina cin gyara kamar ƙaramar yarinya. Ciwona ɗaya ne: sauri. Yadda nake magana haka nake karatu, ina tattake baƙaƙe ina wucewa. Gwaggo ba ta san baƙi ko ɗaya ba, ko alu ko ba-guje, amma in na dawo gida ina biya allona, tana gefe tana kaɗi, sai ta ce, "Kin haɗiye wani abu a tsakiya."

"Ke ina kika sani?"

"Na ji ramin da ya bari. Koma. Ki ba kowanne haƙƙinsa, ba korar ki ake yi ba."

In na koma, sai in ga gaskiyarta. Matar liman takan ce da Gwaggo ta yi karatu, da maza sun bar mata buzun malanta.

Bana, da zafin bazara ya fara, ina biya mata wata sura, na kai ƙarshe ba gyara ko ɗaya. Na ɗago ina jiran yabo. Ta ci gaba da murza mazarinta, ta ce, "Ya yi kyau. Yanzu maganar nan da kika gaya wa yayanki a gindin tsamiya, biya mini ita yadda kika biya wanga allo."

Na ce, "Gwaggo, mi ya kawo wannan?"

"Kunnena ya tsufa. Ɗaya-ɗaya."

Na buɗe baki. Na ce, "Kai." Na ce, "Ka." Ta uku, "kashe," na kasa furta ta. Na kifa kai a kan allon, na yi kukan da ban yi ba shekara tara, har tawadar ta jiƙe ta ɓata mini goshi. Ba ta rarrashe ni ba. Sai da na gama ta miƙo mini bakin zanenta. Na ce, "Ki je mini." Ta ce, "Shekara tara nake jiran a aike ni."

Da na sani ban aike ta ba. Tsohuwa ce, haƙoranta ba su fi shida ba, ga rana kamar a gasa gurasa a kan rairayi. Ƙanenmu ya hana, ta ce masa ita ta yi masa wanka ranar da aka haife shi, ba shi zai gaya mata inda ƙafarta za ta tsaya ba. Ta bi masu kai kanwa kasuwannin yamma, suka ɗora ta a jaki. Kwana tara ta yi. Ranar na goma da azahar suka sauke ta a ƙofar gida. Ta taka uku, ta faɗi.

Da muka ɗaga ta, bakinta ya karkace, ɓarin jikinta na dama ya saki. Matar da ba ta taɓa barin kalma ta fita a gurguje ba, sai ga harshenta kwance a baki kamar tsumma. Kwana uku tana kallona tana ƙoƙari. Ni kuma, Allah ya yafe mini, maimakon in bar ta ta huta, ina durƙushe a kanta ina cewa, "Gwaggo, mi ya ce? Ɗaya-ɗaya, Gwaggo, ba korar ki ake yi ba." Sai iska ta fito, sai yawu. Hawaye na bin gefen idonta yana shiga kunne.

Rana ta uku da hantsi ta ɗaga hannun hagu. Ta murza babban yatsa da manuni, yadda ake murza mazari. Sannan ta buɗe tafin, ta nuna mini ba komai. Na jawo taskirarta na zazzage. Ga auduga, ga alli. Ba mazari. Ta bar shi a gidan Yaya.

Kafin azahar Gwaggo ta cika. Allah ya sa kabarinta ya fi kowace inuwa da ta taɓa roƙa sanyi. Allah ya sa tambayar da za a yi mata a can a yi ta a hankali, yadda ta yi wa bayinsa.

To amma barin mazari tambaya ce, ba amsa ba. Kwana uku sun wuce, gaskiya, sai dai wa zai aiko da mazari tafiyar kwana biyu cikin wannan rana? In za su maido, sai in sun zo gaisuwa. Aka aika musu. Ranar kwana huɗu da rasuwa suka iso.

Na ji muryar Yaya ta bayan danga yana amsa gaisuwar maza. Muryar ta tsufa. Bai shigo ba. Matarsa ce ta shigo da ƙunshinta a ka, ta rungume ni muka yi kuka, ta ajiye ƙunshin a ɗakin Gwaggo. Kwana uku ina kallon ƙunshin nan kamar maciji ne a ciki. Duk sanda ta kwance shi, sai in matso kusa. Ta fid da garin kuka, ta fid da daudawa, ta fid da zane. Ina jira in ga ɗan siririn icen nan mai dunƙulen laka a gindi. Ni da ake tsoron bakina a rijiya, na kasa tambayar matar wana abu ɗaya.

Ranar sadakar bakwai, da la'asar, an watse, muna wanke ƙore ni da ita a bayan ɗaki. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ta ce gobe da sassafe za su kama hanya, don in ruwa ya sauka ba su a gida, shuka ta wuce su. Na san in suka tafi, damina ta rufe hanya, kuma ba sauran Gwaggo da za ta sake zuwa mini.

Na ɗauko taskirar na zauna kusa da ita. Na ce bari in gwada yadda tsohuwa ke yi. Na ce, "Wai kin ji, a wani gari can, an yi wata mata mai baƙin baki..."

Ta tsaya da wankin, ta dube ni, sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba. "Haba, gwaggon 'ya'yana. Ke da bugun ciki? Ai ke ko sallama kika yi sai an ɗauka faɗa ne. Tambaye ni kawai."

Na ce, "Ina mazarin?"

Ta ɗauraye ƙwaryar da ke hannunta, ta kife. "Yana jinkar ɗakinsa, inda ta soke shi. Kwana biyar ta yi wurinmu tana kaɗi, tana ba shi labarin wasu mutane, shi kuma yana gyaran kalmensa na noma bai ce komai ba. Da za mu taho na zare shi, na ce kayan mamaciya ne, a kai a haɗa da sauran. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, 'Mayar da shi inda kika gan shi.'"

"Shi ke nan abin da ya ce?"

"Kin san yayanki. Wannan ma ya yi dogon zance." Ta ɗauki wata ƙwaryar. "Amma in gaya miki wadda ba a ba ni in kawo ba, ni ba Gwaggo ba ce. Har yau ba ya zama gindin tsamiya ko ta wane gari ce. Kwana ukun nan da ya yi a ƙofar gidanku, a rana yake zaune, gefen inuwa. Ki leƙa ki gani."

Na leƙa ta ɓular danga. Yana can a kan buzunsa, shi kaɗai, taku biyar daga inda na tsaya na nuna shi da yatsa.

Washegari bayan an fito sallar asuba, gari ya yi haske, maza suka taru a ƙofar gida don yi masa sallama. Liman yana nan, maigari yana nan, da yawa cikin waɗanda suka ji ni wancan karon suna nan. Na yafa zanen Gwaggo, na ɗauki taskirarta, na fita. Hira ta tsaya. Wani ya ce, "To, ga ta nan kuma." Ban kula shi ba.

Yaya yana ɗaure kaya a kan jaki, ya ba ni baya. Furfura ta cinye masa ƙeya. Na tsaya daidai inda na tsaya shekara tara da suka wuce. Na ɗaga murya yadda masu jan ruwa za su ji, amma ban yi sauri ba. Na ba kowace kalma haƙƙinta.

"Yaya. A nan na ce kai ka kashe ɗiyata. Ƙarya na yi maka. Yunwa ce ta kashe ta. Kai ka tsare mana iri, da shi muke ci har yau. Ka yafe mini."

Na ce, "Kuma Gwaggo ta yi mantuwa a gidanka. Ina son in je in ɗauko."

Bai juyo ba. Ban kalli fuskarsa ba, hannunsa na kalla. Ya tsaya a kan igiyar, ya daɗe. Sannan ya kwance ƙullin da ya gama ɗaurewa, ya tura buhun gaba, ya daddaɓa wurin da ya buɗe a bayan jakin, daidai faɗin taskira.

Na matsa na ɗora ta.